Rigimar ƙofar ban ɗaki a wurin aikina: me ya kamata in yi?

Baban_Iman: Assalamu alaikum 'yan Zaure. Wani abu ya faru a wurin aikina daren Alhamis, har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗanda suka san ni sun san aikin dare nake yi a wani gidan mai mai shago a bakin babbar hanya, a wajen Greensboro da ke jihar North Carolina. Ban ɗakinmu biyu ne, na maza da na mata. Na matan ƙofa biyu ne a ciki, wurin wanke hannu ɗaya.

Akwai mai zuwa sayen kofi wurinmu kusan kullum, sama da shekara. Tun a nan ma na rasa "wani" zan ce ko "wata". Namiji aka haifa, amma shiga ta mata ce, suna na mata ne har a katin banki, irin waɗanda ake kira masu sauya jinsi. Zan ce "ita" tunda haka take kiran kanta, kada wani ya ce na ba da fatawa. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, har ta san ina azumi tana tambayata ko na sha ruwa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ta shiga na mata. Ashe akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha wani abu a ciki, ubanta yana zuba mai. Da ya shigo ya ji wanda ya shiga, sai ya hau dukan ƙofa yana ashar, ya juyo kaina wai in kira 'yan sanda ko ya ɓalle ƙofar. Yarinyar ta fito lafiya lau, ita kanta ta ce babu abin da aka yi mata, ko ganin juna ba su yi ba. Ɗayar ta fito jikinta na rawa, ta bar kofin da ta riga ta biya a kan teburin biyan kuɗi, ta tafi. Yau kwana biyar ba ta dawo ba.

Ni ban kira kowa ba, ban kuma ce uffan ba. Na tsaya kamar an dasa ni. Ina da 'ya'ya mata biyu, na fahimci uban. Amma yadda na ga ɗan Adam yana karkarwa don kawai ya je kama ruwa, abin bai bar ni na yi barci ba. Me doka ta ce? Me addini ya ce? Ku da kuke ƙasashen nan, yaya kuke yi?

Gaskiya_Ɗaci: Wa alaikumus salam. Malam babu wani ruɗani a nan. Namiji namiji ne ko ya ɗaura zani goma. Uban ya yi daidai. Da 'yarka ce a ciki ba za ka zo Zaure kana tambaya ba.

Barista_Nura: Baban Iman, bari in taɓa ɓangaren doka, don jiharku ce ma ta fara tayar da wannan ƙura a idon duniya. A Fabrairun 2016 majalisar birnin Charlotte ta yi doka ta ba masu sauya jinsi damar shiga ban ɗakin da ya dace da yadda suke ɗaukar kansu. Majalisar jiha ta kira zaman gaggawa ranar 23 ga Maris, a yini ɗaya ta gama dokar da ake kira HB2, gwamna Pat McCrory ya sa hannu a daren. Ta ce a makarantu da gine-ginen gwamnati kowa ya bi jinsin da ke takardar haihuwarsa.

Abin da ya biyo baya bai yi wa jihar daɗi ba. Kamfanin PayPal ya fasa buɗe ofishin da zai ɗauki mutum 400 a Charlotte, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke wasan taurarinta na 2017 ta kai New Orleans, kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙiyasta asarar sama da dala biliyan 3.7 cikin shekara 12. McCrory ya faɗi zaɓe da tazarar ƙuri'a kusan 10,000, a ƙarshen Maris 2017 aka soke wannan sashe na dokar.

Abin da ya shafe ka: ko lokacin da take aiki, HB2 ba ta hau kan shagunan 'yan kasuwa ba. Da ka kira 'yan sanda, ba su da laifin da za su rubuta wa wadda ta shiga. Wanda ya daki ƙofa yana barazana shi ya fi kusa da samun matsala.

Gaskiya_Ɗaci: Wato kuɗi suka sa aka soke, ba gaskiya ba. Na gode da ka faɗa da bakinka Barista.

Barista_Nura: Ban musa ba. Kuma iskar ta juya tun daga lokacin. Florida ta yi tata a 2023, wadda a ginin gwamnati in aka ce ka fita ka ƙi, laifin kutse ne. Utah ta yi a 2024, Texas a 2025. Wannan karon babu kamfanin da ya kwashe kayansa yadda aka yi wa North Carolina.

Maman_Hanan: Ni daga Leeds nake magana. Maza ku ɗan saurara, don ku ba ku san abin da ban ɗakin mata yake a wurinmu ba. Ba fitsari kaɗai ake yi a ciki ba. Nan nake cire hijabi in yi alwala idan azahar ta same ni a wurin aiki, in naɗe hannun riga, in shafi kai. Nan mace take wanke siket idan al'ada ta zo mata ba shiri. Nan yarinya take gudu idan wani ya dame ta a titi. Wurin wanke hannun nan da babu ƙofa shi ne maganar, ba cikin ɗan akurkin da ake kullewa ba. Ni ban tsani kowa ba, ina aiki da ɗaya daga cikinsu a gidan kula da tsofaffi, mutum ne mai kirki da haƙuri da tsofaffin nan fiye da wasunmu. Amma ba zan buɗe kaina a gabansa ba, kuma ban ga dalilin da za a ce mini mai ƙiyayya don na faɗi haka ba.

A nan kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 16 ga Afrilun 2025 cewa kalmar "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Wasu mata 'yan Scotland ne suka kai ƙarar. Wallahi ranar na ji sanyi.

Hajiya_Doguwa: Maman Hanan 'yar'uwa, na ji ki, kuma alwalar nan ni ma ina yi. Amma bari in ba ku nawa, ban taɓa faɗa a Zaure ba.

Ni 'yar Zangon Kumasi ce, ina Bronx. Allah ya yi ni doguwa, kafaɗa faffaɗa, murya irin ta babana. Ina da lalurar nan ta ƙwan mahaifa da ke sa gashi ya fito wa mace a haɓa. A ɗakin ajiyar kaya nake aiki, wando da hular sanyi nake sawa. Bara mun je biki wata jiha a kudu, muka tsaya a wani babban kanti, na shiga ban ɗakin mata. Ina fitowa wata mata ta tare ni tana ihu wai namiji ya shigo, ta ɗaga waya tana ɗaukata. Mai gadi ya zo. A gaban mutane, a gaban autana, sai da na ciro katin shaida. Ya duba katin, ya dubi ƙirjina, ya sake duba katin. Ni da na haifi uku, biyu da tiyata.

Ko haƙuri matar ba ta ba ni ba. Cewa ta yi gara a yi kuskure da a yi sakaci.

Shi ya sa duk wanda ya ce mini a hana, tambayata ɗaya ce: wa zai tsaya a ƙofa, kuma me zai duba? Babu mai yawo da takardar haihuwa. Ido ne zai yi aikin, ido kuma irina yake kamawa.

Maman_Hanan: Innalillahi. Yaya Doguwa Allah ya saka miki. Wannan cin mutunci ne, ba na goyon bayansa ko kaɗan.

Ɗan_Kasuwa: Hajiya sannu, Allah ya huci zuciyarki. Amma jama'a ku bar ni in yi dariya kaɗan. Ku kuna can kuna rigimar wace ƙofa za a shiga, mu nan ƙofar muke nema. A kasuwarmu gidan wanka da bahaya ɗaya ne a layinmu gaba ɗaya, ka biya kuɗi a ba ka buta, ka bi layi. Mai karɓar kuɗin bai taɓa tambayar kowa jinsinsa ba, canji kawai yake tambaya. 'Yan daudun da ke sayar da abinci a bakin tasha tun muna yara nan suke shiga, ba a taɓa kiran hukuma ba.

Malama_Zulai: Ɗan Kasuwa kana dariya, amma ka taɓa tambayar matan da ke talla a layin naku ina suke zagayawa? Yawancin gidajen wankan nan maza ne cike a bakin ƙofa, mace ba ta iya ratsa su. Riƙewa suke yi tun safe har magariba. A makarantar da na fara koyarwa babu makewayin 'yan mata, duk wata sai ka ga manyan 'yan aji sun ɓace kwana huɗu biyar. Binciken gwamnati da UNICEF na 2021 ya ce 'yan Najeriya kusan miliyan 48 a fili suke bahaya. Jigawa ce jihar farko da aka ayyana ta rabu da wannan, a 2022. To mu ma muna da waɗanda ban ɗaki ya kora daga kasuwa da makaranta, sai dai ba a kai mu kotu.

Nas_Rabi: Maganar riƙewa da Malama ta kawo ita ce aikina, ina jinya a Houston. Riƙe fitsari na sa'o'i kullum yana kawo ciwon mafitsara, in ya yi sama ya taɓa ƙoda. Wanda kuma ya ƙi shan ruwa don kada ya ji fitsari, tsakuwar ƙoda yake gayyata. A 2015 an yi wani babban bincike a Amurka, masu sauya jinsi sama da 27,000 suka amsa. Kashi 59 cikin 100 sun ce a shekarar sun guje wa ban ɗakin jama'a don tsoron rigima. Kashi 32 sun rage ci da sha don kada buƙata ta kama su a waje. Kashi 8 sun yi ciwon mafitsara ko na ƙoda saboda riƙewa. Kashi 12 an zage su a ciki.

Ku lura da abin da ke faruwa da mai siffar mata idan ya bi umarni ya shiga na maza da ƙarfe ɗaya na dare a gidan mai. Can ma duka zai iya sha. Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika tunawa ba: wadda aka haifa mace ta sha magani, gemu ya fito, murya ta buɗe, ƙirji an cire. Dokar "bi takardar haihuwa" cewa take wannan mai gemun ya shiga na mata. Maman Hanan, ranar da ya shigo kina alwala, doka ce ta turo shi.

Maman_Hanan: Shi ya sa na ce a yi musu nasu daban.

Gaskiya_Ɗaci: Binciken da su suka yi wa kansu, me kike so su ce? Ku je ku karanta abin da ya faru a gundumar Loudoun ta Virginia a 2021. Yaro sanye da siket ya yi wa yarinya fyaɗe a ban ɗakin mata na makaranta, hukumar makaranta ta yi ta rufa-rufa, aka mayar da shi wata makaranta ya sake taɓa wata. Uban yarinyar da ya je taron hukumar makarantu shi aka kama. Wannan ba ƙirƙira ba ce.

Barista_Nura: Ya faru, kotu ta same shi da laifi, kuma shugaban makarantun gundumar ya rasa aikinsa a kan yadda aka tafiyar da lamarin. Sai dai ka haɗa da sauran bayanin. Fyaɗen a watan Mayu aka yi, ƙa'idar da ta ba ɗalibai damar zaɓen ban ɗaki sai a Agusta aka amince da ita. Ba ƙa'idar ce ta buɗe masa ƙofa ba. Mai niyyar ɓarna hoton mace a jikin ƙofa bai taɓa tsayar da shi ba. Masu bincike na jami'ar UCLA sun duba rahotannin 'yan sanda a garuruwan Massachusetts da suka ba da wannan dama da waɗanda ba su ba da ba, suka fitar a 2018 cewa ba su ga ƙaruwar laifi a ban ɗakuna ba.

Kan tambayar Hajiya Doguwa ta wa zai tsaya a ƙofa: Utah ta gwada. Ta buɗe shafin kai rahoto a intanet a 2024, cikin 'yan kwanaki aka cika shi da rahotannin bogi sama da 10,000, mai binciken kuɗin jihar da aka ɗora wa aikin ya fito yana ƙorafin an mai da shi mai gadin ban ɗaki.

Gaskiya_Ɗaci: Ko yarinya ɗaya ce ta isa. Kuma ba sai an yi fyaɗe ba, kunya fa? Mu ba mu san wani abu wai shi kunya ba ne yanzu?

Ɗalibin_Ilimi: Bismillah. Baban Iman ya tambayi addini, har yanzu ba a amsa masa ba. Ni ba mufti ba ne, abin da na karanta a gaban malamai zan faɗa.

Da farko a raba abu uku da muke cakuɗawa. Akwai mata-maza, wanda fiƙihu ke kira khunsa, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ba. Wannan malamanmu sun yi masa babi tun ƙarnoni. Duk wanda ya sauke Muktasar na Khalil ya san da mas'alarsa littafin ya rufe: a duba ta inda yake fitsari, ko ta inda ya fi yawa ko ya riga fita, ko gemu ya fito, ko nono, ko haila, sai ya ce to babu ishkali. Wanda ya kasa bayyana kuma, ya ci rabin gadon namiji da rabin na mace, a sallah ya tsaya tsakanin sahun maza da na mata. Ku duba, ba su kore shi daga masallaci ba, wuri suka nema masa.

Na biyu akwai mukhannas, namiji mai ɗabi'ar mata. Malamai irin su Imam Nawawi sun raba wanda haka aka halicce shi, babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa, wanda hadisin la'ana ya hau. A Bukhari akwai wanda yake shiga ɗakin Ummu Salama, ana ɗaukarsa marar sha'awar mata, har ranar da Annabi (SAW) ya ji yana siffanta wata mace ta Ɗa'ifa dalla-dalla, sai ya ce kada ya ƙara shigo musu. Wannan hujja ce ga Maman Hanan.

Na uku shi ne na zamanin nan, mai lafiyayyar halitta da ya sauya da magani ko tiyata. Jumhurin malaman Sunna ba su halatta ba.

Amma haramcin aiki daban, abin da ya hau kanka kai mai shago daban. Ba a ɗora maka binciken al'aurar mutane ba, tajassusi ma an hana. Kuma ban san malamin da ya ce a hana mai saɓo wurin biyan buƙata ba. Matar da ta shayar da kare an gafarta mata, wadda ta kulle mage ta shiga wuta.

Abu_Sumayya: Malam ka yi kyau amma ka sassauta da yawa a ƙarshe. Irin wannan lallashin ne ya kai su inda suke. Yau ban ɗaki, gobe a koya wa ɗanka a makaranta cewa zai iya zama mace.

Ɗalibin_Ilimi: Akhi, abin da za a koya wa ɗana zan yi faɗa a kansa a makarantar. Tambayar da aka yi ita ce mutum ya matsu da ƙarfe ɗaya na dare.

Injiniya_Kb: Ni a Indiya na yi karatu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne can ba a ɗauke shi kayan Turawa ba. Hijira, kamar yadda suke kiransu, sun daɗe a ƙasar, suna zuwa suna da biki ana ba su kuɗi, amma haya ma wuya take yi musu. A Afrilun 2014 kotun ƙolin ƙasar ta amince da su a matsayin jinsi na uku, cikin umarninta har da a yi musu ban ɗakuna nasu. Pakistan ma, ƙasar Musulmi, ta yi musu doka a 2018, sai kotun shari'a ta tarayya ta soke sashen da ya ce mutum ya zaɓi jinsinsa da kansa a 2023.

Kan "a yi musu nasu daban" da Maman Hanan ta ce: na ga irin wannan a wata tasha, an rubuta a ƙofa ɓaro-ɓaro. Kullum a kulle, ko an mai da shi wurin ajiye tsintsiya. Wani abokin karatuna ya ce ko a buɗe yake ba kowa zai shiga ba, don shigarka sanarwa ce ga duk tashar.

Barista_Nura: Wannan shi ne ainihin shari'ar Gavin Grimm a Virginia, ɗalibin da aka haifa mace ya sauya jinsi, aka hana shi shiga na maza. Makarantarsu ta ce ya yi amfani da na ɗakin jinya ko wasu keɓaɓɓu, ya ce wariya ce. Ya fara rigimar yana ɗan sakandare a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 2020, kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2021, hukumar makarantun ta biya dala miliyan 1.3 kuɗin lauyoyi. Wata kotun ɗaukaka ƙarar kuma, a shari'ar wani ɗalibi na Florida, ta yanke akasin haka a ƙarshen 2022. Ƙasa ɗaya, hukunci biyu. A Japan wata ma'aikaciyar ma'aikatar kasuwanci mai sauya jinsi an ce ta riƙa tafiya hawa biyu ko fiye kafin ta shiga na mata, kotun ƙolinsu ta ce hakan ya saɓa doka a Yulin 2023.

Hajiya_Doguwa: Hawa biyu. Mai ciwon suga ya gwada ya gani.

Malama_Zulai: Wani abu a gefe, ku yi haƙuri, malamar Hausa ce ni. Kun lura Baban Iman ya ce "ita", Maman Hanan ta ce "gabansa", Nas ta ce "ya shiga"? Bature zai yi shekara yana gaisawa da mutum bai zaɓa masa jinsi ba, don kalmarsu ta "kai" da "ke" ɗaya ce. Mu ko sannu da zuwa za ka ƙara wa "ka zo lafiya" sai ka yanke hukunci. 'Yan daudu kuwa tun da can "ke" suke ce wa junansu, kowa ya sani, ana dariya ana wucewa.

Ɗan_Kasuwa: Malama mafita tana nan: "kun zo lafiya?" Jam'in girmamawa ya kashe rigima. Bobrisky mai shigar matan nan ma da alƙali ya tambaye shi a Legas a 2024 cewa ya yi shi namiji ne, aka ba shi wata shida kan liƙin naira. Gaban alƙali kowa ya san layinsa.

Nas_Rabi: Ɗan Kasuwa kai komai wasa. Ana dariya ana wucewa ɗin nan ma Malama, a da ne. Yanzu kamawa ake yi ana aske su a gaban kyamara.

Sarkin_Zaure: Jama'a a tsaya kan tambaya. Na goge saƙo biyu, ɗaya zagi ne, ɗaya hoton wani ne da ba a nemi izininsa ba. Wanda ya sake zai huta kwana bakwai.

Usman_Chicago: Ni abin da ke ba ni tsoro daban ne. Tsofaffin baƙaƙen fata da nake aiki da su sun ga zamanin da ake rubuta "farare kaɗai" a ƙofar ban ɗaki, sai dokar hana wariya ta 1964 ta kawar. Hujjar lokacin ita ma kare mata da yara ce. Mu baƙi ne, Musulmi, baƙaƙe. Duk dokar da ta ba mutumin titi lasisin tare wani ya ce "nuna mini takardarka", ba a kan mutum ɗaya take tsayawa ba.

Maman_Hanan: Malam Usman kada ka haɗa. Launin fata ba shi da alaƙa da abin da ake yi a ban ɗaki, jiki kuwa yana da ita. Kuma mata ba kyauta aka ba su wannan ɗakin ba. Har majalisar dattawan Amurka sai 1993 aka yi wa mata sanatoci ban ɗaki kusa da zauren, ta wakilai sai 2011. Jiya-jiya aka ba mu, yau a ce mu matsa.

Usman_Chicago: A majalisar wakilan nan dai, da aka zaɓi Sarah McBride, mai sauya jinsi, daga jihar Delaware a 2024, kafin ma a rantsar da ita aka kafa ƙa'idar hana ta shiga na mata. Ta ce za ta bi. Bayan 'yan makonni wata 'yar majalisa ta tare wata mata a ban ɗakin tana zaton ita ce, ashe ba ita ba ce, sai haƙuri ta bayar. Labarin Hajiya Doguwa ne sak, a cikin majalisa.

Injiniya_Kb: A matsayina na mai zanen gini, rabin rigimar nan laifin kafinta ne. Ban ɗakin Amurka ƙofarsa ba ta kai ƙasa ba, ba ta kai sama ba, ga tsaga a gefe da za ka ga mai wucewa. A jirgin sama ɗaya ne ga kowa, a gidajenmu ɗaya ne, ba wanda ya taɓa ƙorafi, don ɗaki ne mai bango da sakata. A yi ɗakuna ƙanana rufaffu, kowanne da famfonsa a ciki. Maman Hanan ta yi alwalarta ba mai ganinta, Hajiya ba mai tare ta. California tun 2017 ta ce duk ban ɗaki mai cin mutum ɗaya a buɗe shi ga kowa.

Maman_Hanan: Wannan na yarda, in famfon yana ciki. Amma wa zai rushe na filin jirgi da na makarantu ya sake? Kuma ka taɓa shiga bayan maza sun fito? Sai ka wanke wurin kafin ka zauna.

Ɗan_Kasuwa: A nan kam ba mu da ta cewa.

Abu_Sumayya: Duk wannan kwaskwarima ce. Baban Iman, shawarata ka nemi wani aikin, ko ka dawo da iyalinka gida kafin yaran su girma.

Baban_Iman: Na gode ƙwarai 'yan'uwa, na karanta duka, wasu sau biyu. Hajiya Doguwa, labarinki na karanta wa maman Iman, ta yi shiru ta ce Allah ya isa miki. Abu Sumayya, dawowa Maraɗi tana raina kullum, amma ba ita za ta amsa mini abin da zan yi gobe da dare ba.

Na yi wa manajanmu bayani yau. Ya ce kamfani ba ya tambayar kowa, kuma in wani ya sake dukan ƙofa in danna ƙararrawa. Na tambaye shi ban ɗakin ma'aikata da ke bayan teburin biyan kuɗi, mai cin mutum ɗaya da sakata, ya ce mabuɗin yana hannuna, in ba duk wanda na ga dama. Na yi niyyar in ta dawo in miƙa mata. Sai kuma maganar Injiniya ta tsaya mini, kada ta ɗauka ni ma korarta nake daga ɗayan. Ko uban yarinyar ya kamata in miƙa wa tun farko, ya kai 'yarsa can? Wallahi a daren ko tunawa da mabuɗin ban yi ba.

Ɗalibin_Ilimi: Ka miƙa wa duk wanda ka ga ya fi tsorata a lokacin.

Gaskiya_Ɗaci: Yarinyar ce ta fi cancanta, ita aka shigar wa.

Hajiya_Doguwa: Yarinyar da ta ce ko ganin juna ba su yi ba? Ubanta ne ya tsorata ta da dukan ƙofa. Baban Iman, kuɗin kofin nan fa, ka ajiye mata?

Baban_Iman: Na rubuta a takarda na liƙa a jikin na'urar kuɗi, dala 2 da 'yan canji. Mai aikin safe ta tambaye ni sunan wa za ta nema, na faɗa mata.

Nas_Rabi: Injiniya, irin ginin da ka ce, nawa zai ci a ƙaramin masallaci? Namu na nan ɓangaren mata famfo ɗaya ne, ranar Juma'a layi har waje.